Na zuba wa roba kamfa, awo bai ƙaru ba

Alhaji Bala Sapele:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya ce gare ni ga waɗanda suka san harkar roba. Na karɓi jinginar wata gonar roba mai hekta 4 a bayan Sapele, ta wajen hanyar Benin. Bishiyoyin sun kai shekara 14, an daɗe ana tsaga ɓawonsu ana tarar ruwan robar a kofi. Da ruwa ya sauka bana na ce bari in kyautata musu, na sayi kamfa 15-15-15 buhu 20 aka zuba wa kowace a gindi. Yanzu watanni sun shuɗe, abin da yaran da ke yi mini tsagar ke kawowa awo bai ƙaru ba ko kaɗan, makon jiya ma baya ya ja. A gida Giwa in ka yi wa masara taki, kafin ka je kasuwa biyu ta yi shar. To takin ne jabu, ko yaran ne ke yi mini ƙwange, ko kuwa ita roba ba ta cin taki?

Ɗanjuma Mai Taki:
Wa alaikumus salam Alhaji. Babu tsiron da Allah Ya halitta da ba ya cin taki. Roba saniyar tatsa ce, ka ba ta dusa da ƙaiƙayi ka ga nono, ka hana ta ƙafe. Buhu 5 a hekta ga bishiya mai tsawon bene ai ɗanɗano ka ba ta. Ka bi da yuriya buhu 2 ko 3 a kowace hekta kafin ruwa ya ɗauke, za ka ba ni labari. In kuma kana shakkar kamfar da ka saya, turo hoton buhun mu gani.

Hajiya Larai Benin:
Alhaji, ni dunƙulen roba nake saye, ba nomawa nake ba, amma na ga irin wannan ya fi a ƙirga. Kafin ka ƙara kashe ko sisi, ka yi sallar asuba ka wuce gonar nan ba tare da ka gaya wa kowa ba. Ka ga ƙarfe nawa suke fara tsaga. Wanda ya fara tun da fitila a goshi da wanda ya zo rana ta fito ba za su cika kofi ɗaya ba. Ka kuma lissafa ranakun da ruwan safe ya hana tsaga a watan Yuni da Yuli, don a nan Kudu su ne ke cinye awo. Ranar da ɓawo ya jiƙe, ruwan robar ba ya bin hanyarsa zuwa kofi, bazuwa yake a jikin bishiya. Batun ƙwange kuwa, ba zan ɗauki alhakin kowa ba, amma masu babur suna yawo ƙauyuka da sikeli.

Malama Hadiza:
Barka da warhaka Alhaji. Ni ilimin ƙasar noma na karanta a Samaru, bari in ɗan yi dogon bayani, a yi mini haƙuri.

Da ka girbe masara, hatsi ka kwashe, kara ma ka kwashe ka ba dabbobi. Duk abin da ta sha daga ƙasa ya bar gonar, dole ka mayar. Roba ba haka take ba. Farin ruwan da ke ɗiga a kofi, kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari ne danƙo, sauran yawanci ruwa ne. Shi kuma danƙon, bishiya ba daga ƙasa take ɗauko shi ba. Ganye ne ke haɗa sukari daga iska da ruwa da hasken rana, sukarin ya gangaro cikin ɓawo, a can ake juya shi ya zama danƙo. Sinadaran da ke cikin buhun kamfa, wato naitirojin da fosforas da fotash, ɗan kaɗan ne ke fita tare da shi, ba a ma haɗa shi da abin da masara ke kwashewa.

Ƙari a kan haka, kowace shekara wajen Janairu zuwa Fabrairu roba tana kakkaɓe ganyenta gaba ɗaya ta yi sabo. Wannan ganyen yana ruɓewa a ƙarƙashinta, saiwoyi su sake tsotse shi. Gonar da ta rufe sama kusan ciyar da kanta take yi.

Saboda haka taki ba ya bi ta saiwa yau ya fito a kofi gobe. Hanyarsa doguwa ce: ya gyara ganyen baɗi, ganyen ya ƙara sukari, jiki ya ƙara kauri, ɓawon da aka yanke ya sake tofowa da kyau. A gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe masu noman roba, sau da yawa sai an yi shekaru ana zuba wa manyan bishiyoyi taki kafin a ga bambanci a awo, wani wurin ma ba a gani sam. Ba na jin takinka jabu ne. Lokacin dubawa ne bai yi ba.

Yuriyar da Malam Ɗanjuma ya ce a ƙara kuwa, ina roƙonka kada ka yi. Naitirojin in ya yi yawa kan bishiyar ne ke yin nauyi, rassa su cika ganye, iskar farkon damina ta zo ta karya ta a tsaka. Bishiyar shekara 14 in ta karye, ka yi asarar shekara 14.

Ɗanjuma Mai Taki:
Malama, da girmanki. To manyan kamfanonin roba da ke sauke taki tirela-tirela, su ba su yi karatun ba ne? Ko kuɗi ne ya yi musu yawa?

Yusuf Kiribi:
Malam Ɗanjuma, bari in amsa wannan, don ni a cikin irin gonar nake aiki nan kudancin Kamaru, sashen renon dashe. Gaskiya ne ana sauke taki da yawa, amma ka tambayi inda yake zuwa. Mafi yawansa wurinmu yake zuwa, da filayen da aka dasa ba a fara tsagawa ba. Tun daga rami ake sa fosfat a gauraya da ƙasar sama. Shekarar farko ana zagaya wa kowace 'yar bishiya taki kaɗan-kaɗan sau da yawa, kowace shekara zoben na ƙara faɗi yana bin inuwar ganye. Dalili shi ne ba a sa wa roba wuƙa sai zagayen jikinta ya kai santimita 50 a tsayin mita ɗaya. Wadda ta samu kulawa tana kaiwa a shekara 6 ko ma ƙasa da haka, wadda aka bar wa ciyawa da yunwa sai ta kai 8 ko 9. Ka lissafa shekara biyu ko uku na tatsa da mutum ya samu ko ya rasa. Nan ribar taki take.

Filayen da ake tsagawa kuwa ba a zuba musu da ka. Ana tsinko ganye bayan sabon toho ya ƙosa, a ɗebi ƙasa, a kai ɗakin gwaji. Wani filin a ce a ba shi fotash kawai, wani a ce a ƙyale shi bana.

Baba Isa Takoradi:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ke rubuta mini, idona ya yi rauni. Na yi aikin tsaga a yammacin Gana tun ina saurayi har na zama shugaban masu tsaga, na ajiye wuƙa da tsufa.

Alhaji Bala, ka bar zancen buhu, ka je ka dubi jikin bishiyoyinka. Ɓawo shi ne jarin mai roba. Mai tsaga na ƙwarai siririn ɓawo yake ɗauka, bai fi kaurin farce biyu ba, daga hagu sama zuwa dama ƙasa, rabin zagayen bishiya. Yana shiga ciki sosai don jijiyoyin ruwan sun fi yawa kusa da itace, amma yana tsayawa kafin wuƙa ta taɓa itacen. In ya tsaya a sama-sama, ruwa kaɗan. In ya zarce, ya ji mata rauni, wurin ya warke da ƙulli-ƙulli, shekara bakwai ko takwas in aka dawo wurin babu inda wuƙa za ta bi. Ka shafa hannunka a tsohon wurin tsaga. In ka ji sumul, yaranka sun iya. In ka ji kamar bayan kada, to ka san inda awonka ya tafi.

Sannan ka tambaye su maganin da suke shafawa. Na tabbata suna shafawa. Sau nawa a wata?

Ni a ra'ayina babbar roba ba ta bukatar taki ko ƙwaya ɗaya. Na ga gonaki sun yi shekara 20 ana tatsa ba a taɓa zuba musu ba, suna bayarwa.

Alhaji Bala Sapele:
Allah Ya ƙara lafiya Baba. Wane magani kuma? Ni dai na san akwai wani abu mai launi da suke sa wa da ɗan buroshi, sun ce mini maganin ƙwari ne.

Malama Hadiza:
Alhaji, mai yiwuwa etefon ne, wanda aka fi sani da sunan Ethrel. Aikinsa shi ne hana bakin jijiyoyin toshewa da wuri, sai ruwan ya daɗe yana zuba. Shi kam yana cika kofi cikin kwanaki, shi ya sa masu tsaga ke son sa. An yi shi ne don a rage yawan tsaga, maimakon kowane kwana biyu a koma kwana uku ko huɗu, a shafa sau ƙalilan a shekara gwargwadon irin bishiyar. Irin robar da ake kira PB 217 yana ɗaukarsa sosai, PB 260 kuwa da kansa yake zuba, in aka matsa masa da magani ya bushe. In aka haɗa tsaga kullum da shafa magani kowane mako, bishiya tana zubar da fiye da abin da take iya haɗawa, sai ɓawo ya ƙafe. Ka yanka, ka ga wuƙa ta wuce, babu ɗigo.

Baba Isa, ka fi ni sanin jikin bishiya nesa ba kusa ba, amma a kan cewa ba ta bukatar taki sam, ban bi ka ba. Gonakin da ka gani, ina kyautata zaton daji aka sare aka dasa su, ƙasar na da ajiyar ɗaruruwan shekaru. Yanzu yawancin gonaki dashe na biyu ne ko na uku, ko kuma filin da rogo ya riga ya tsotse. Ƙasar yankin Benin da Sapele kuma jigawa ce mai tsami, ga ruwan sama da ya haura milimita 2,000 a shekara yana wanke fotash da maganiziyam zuwa ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. A irin wannan wuri, musamman in ana shafa magani, fotash yana taimakawa, don shi ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyin ya sa zubar ta yi kyau.

Baba Isa Takoradi:
'Yata, gaskiyarki a kan dajin, sabuwar ƙasa ce muka samu. Amma mu abin da muka yi shi ne shuka wake mai yaɗo a tsakanin layuka tun bishiyoyi na ƙanana, wanda Turawan gonar ke kira Pueraria. Ya rufe ƙasa ruf, ya kashe tofa, in ka ɗaga shi ka ga ƙasa baƙa mai sanyi da tana a ciki. Har bishiyoyi su haɗe sama ya mutu, ya bar musu abinci na shekaru. Yaran yanzu sai su fesa maganin ciyawa ƙasa ta zama tsirara, sannan su je su ci bashin taki. Har gobe ina nan kan bakana: wanda ya yi wannan aikin tun farko, ba zai nemi buhu ba bayan ya fara tsaga.

Malama Hadiza:
Naitirojin zai samu daga waken, Baba, wannan ba musu. Fotash kuwa wake ba ya ƙirƙiro shi, abin da ke ƙasar ne kawai yake juyawa. In babu, babu.

Goni Gashuwa:
Ku gafarce ni in shigo da nawa. Mu nan ƙaro muke yi, kuma abin ya ba ni mamaki, don dakwara ita ce ma sai ta sha wuya take bayarwa. Sai ruwa ya ɗauke, ganye ya fara zuba, sanyi ya shigo, sannan a ɓare ta. Shekarar da ƙasa ta daɗe da laima ƙaron ba ya fita da kyau. Ashe roba ma haka take? Kuma ma cibiyar binciken roba ta Iyanomo da ke kusa da Benin ita ce ke kula da binciken ƙaro, tana da reshe a nan Gashuwa. Alhaji, tunda kana kusa da hedikwatar, me zai hana ka kai musu ganye da ƙasa?

Yusuf Kiribi:
Malam Goni, akasin haka ne. Roba a lokacin da take zubar da ganye ne awo ke faɗuwa ƙasa, wurare da dama ma hutu ake ba ta sai sabon ganye ya ƙosa. Ta fi bayarwa ƙarshen damina zuwa farkon rani, ƙasa na da laima, safiya da sanyi, ruwan safe kuma ya daina hana aiki. Don haka Alhaji ma ya jira Oktoba da Nuwamba, zai ga awo ya hau, amma kada ya ce takin ne.

Ɗanjuma Mai Taki:
Wato in ya hau ba taki ba ne, in bai hau ba laifin taki ne. Yusuf, kun haɗa mini kai ke nan.

Alhaji Bala Sapele:
Jama'a, na bi shawarar Hajiya na yi sammako. Ga abin da na gani, ga hotuna kuma na turo.

Sun fara aiki gari ya riga ya waye sarai. Na bi layi ɗaya bishiya-bishiya da babban yaron, na tarar da yawa wuƙa na wucewa a bushe, wasu rabin tsagar ne ke kawo ruwa, rabin ya yi ruwan ƙasa-ƙasa yana tsattsagewa. Ba su gaya mini ba, tsallake su kawai suke yi. Maganin kuwa shi ne wanda Malama ta faɗa, a gorar lemo suke zuba shi, kuma duk mako suke shafawa, tsaga kuma kwana ɗaya tsakani. Da na yi magana sai babban ya ce mini tunda rabo muke yi da su, in kofi bai cika ba su ne ke kwana da yunwa.

Takin ma na gan shi. Yana nan tsibi-tsibi a jikin gindi, wani ya dunƙule ya yi fari kamar kanwa, wani ruwa ya ja shi ya bi kwari. Ganye kuma na sa an kakkaɓo, wasu gefensu ya yi rawaya ya ƙone kamar an kara a wuta, tsakiyar na nan kore.

Malama Hadiza:
Na ga hotunan. Ƙunar gefen ganye irin wannan ta fi kama da ƙarancin fotash. Da maganiziyam ne, rawayar za ta shiga tsakanin jijiyoyin ganyen ne su kuma jijiyoyin su tsaya kore. Da naitirojin ne, ganyen gaba ɗaya zai koɗe ya ƙanƙance. Amma hoto ba ya yanke hukunci, ka bi shawarar Malam Goni ka kai a gwada.

In ta tabbata fotash ne, duba lissafin. Buhun kamfa 15-15-15 mai kilo 50, fotash ɗin ciki kilo 7.5 ne. Buhun jan fotash zalla mai kashi 60 cikin ɗari, kilo 30 ne a ciki. Buhu ɗaya ya tsaya wa huɗu, ba ka kuma sayi naitirojin ɗin da ba ka bukata ba.

Gindi kuma ba wurin zuba taki ba ne ga babbar bishiya. Manyan saiwoyin da ke nan riƙe ta kawai suke yi. Ƙananan da ke cin abinci suna can tsakiyar layuka, a ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye. Can ake watsawa, bayan an sassabe ciyawa, a farkon damina lokacin da ƙasa ta jiƙe amma ba a fara mamakon ruwa ba.

Baba Isa Takoradi:
Jikana ya buɗe mini hoton ɓawon ya ƙara girmansa. Alhaji, waɗanda suka bushe ka sa musu alama da fenti a daina taɓa su, wasu za su dawo bayan hutu, wasu sun tafi ke nan. A ajiye gorar maganin nan a gidanka, ba a hannunsu ba. A koma kwana uku-uku. Awo zai faɗi wata biyu ko uku, ka shirya wa wannan, kuma ka shirya abin da za ka ba yaran a lokacin, in ba haka ba za su sayo wata gorar da kuɗinsu. Yaron bai yi ƙarya ba. Duk inda aka biya mai tsaga da kofin yau kaɗai, bishiyar ce ke biya. Mu a zamaninmu ana duba ɓawon kowane mai tsaga, mai tsabtar hannu a ƙara masa wani abu a ƙarshen wata.

Hajiya Larai Benin:
Akwai tambayar da ba wanda ya yi. Alhaji, jinginar nan saura shekara nawa?

Alhaji Bala Sapele:
Saura biyu, Hajiya. Sai dai in mai gonar bai kawo kuɗin ba a ƙara.

Hajiya Larai Benin:
To ka ji. Malama ta ce sai an yi shekaru kafin taki ya nuna. Wato ka sayi buhu 20 ka gyara wa mai gona bishiyoyinsa, ranar da za su fara biya shi zai karɓa. Ni da ni ce, ba na ƙara ko mudu sai mun zauna da shi da shaidu, ko dai a cire kuɗin takin a cikin lissafi, ko a ƙara wa'adi a rubuce. Hutun da Baba ya ce a ba busassun ma, amfanin mai gona ne fiye da naka.

Ustaz Kabiru:
Hajiya, lissafinki daidai ne ta fuskar kasuwa, amma gonar amana ce a hannunsa. Bushewar nan a hannunsa ta faru ko ta ƙaru, bai kamata ya mayar wa mutum da matattun bishiyoyi ba don wa'adi ya kusa. Ita kanta cin amfanin jingina akwai maganar malamai a kai, amma wannan sai mu yi ta a gefe da Alhaji.

Hajiya Larai Benin:
Ustaz, ban ce ya kashe su ba. Cewa na yi kada ya yi wa wani noma kyauta.

Ɗanjuma Mai Taki:
Ni har yanzu ban yarda takin nan ya tafi a banza ba. Alhaji, ga abin da za ka yi mu huta da gardama. Ka ware layuka, wasu a ba su fotash ɗin Malama a tsakiyar layi, wasu a bar su haka, wasu a ba su kamfa yadda ya kamata. Mai tsaga ɗaya, rana ɗaya, a riƙa auna kowanne daban ana rubutawa. In shekara ta zagayo ka kawo mana littafin.

Yusuf Kiribi:
Wannan shawara ce mai kyau, amma a gauraya layukan, kada a ba na gangare abu ɗaya na tudu wani. Kuma dunƙulen a bar shi ya tsane kwanaki daidai kafin awo, don jiƙaƙƙe yana ruɗi. A auna kaurin bishiyoyin ma da tef yanzu, a sa alama a wurin, don nan za a fara ganin bambanci kafin kofi.

Malama Hadiza:
Shekara ɗaya ta yi kaɗan, Malam Ɗanjuma, kuma duk layukan sun riga sun sha kamfar bana. Amma a fara, ya fi zato.

Alhaji Bala Sapele:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah Ya saka. Gorar tana hannuna tun jiya. Ranar Litinin in Allah Ya kai mu zan shiga Iyanomo da ganyen da ƙasar, daga nan in nemi mai gonar mu zauna. Ustaz, zan kira ka bayan isha'i. Malam Ɗanjuma, jan fotash ɗin nan nawa buhu yake a wurinku, kuma kana da motar da ke saukowa Benin?

Ɗanjuma Mai Taki:
Akwai mai kawo albasa duk mako. Amma ka bari sakamakon gwajin ya fito tukuna, kada Malama ta ce ni na tura ka.